Tambaya da Amsa: Tafiyar Keke a Gaɓar Kogin Danub, Daga Passau Zuwa Biyana

A wannan fitowar mun tattara tambayoyin da masu karatu suka aiko game da hanyar keke da ta bi gaɓar kogin Danub daga Jamus ta shiga Ostiriya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a kudancin Jamus. An ce mini akwai hanyar keke daga Passau har Biyana wadda mota ba ta bi. Da gaske ne? Kwana nawa za ta ci mini?

Amsa: Malam, gaskiya ne, amma da saura. Tsawon hanyar ya kai kilomita 320 da 'yan kai, kuma mafi yawanta kwalta ce ta masu keke da masu tafiya a ƙasa kawai. Asalin wani ɓangarenta turbar dawakai ce, wadda a da suke bi suna jan jiragen kaya da igiya zuwa saman kogi. Wani ɓangaren kuma a kan ganuwar tare ambaliya aka shimfiɗa shi. Shi ya sa ba ka haɗuwa da tudu: Passau tana kusan mita 300 sama da teku, Biyana ba ta kai 200 ba, gangarar ta bazu a tsawon tafiyar har ba ka jin ta. Sauran kuwa shi ne cikin ƙauyuka da wasu 'yan wurare da dutse ya matse kogi, nan dole ka raba titi da motoci.

Ga wanda bai saba ba, kwana 7 ya fi dacewa: Passau zuwa Schlögen kimanin kilomita 40, zuwa Linz 55, zuwa Grein 60, zuwa Melk 50, zuwa Krems 40, zuwa Tulln 45, sannan Biyana 40. Mai kaya a keke yakan ci kilomita 15 a awa, ka ga ke nan awa 3 zuwa 4 ne a kan sirdi kullum. Ka fara daga Passau, kada ka juya ta, domin iska ta fi kaɗawa daga yamma, za ta riƙa tura ka ta baya. A kan alluna ba za ka ga Danub ko Biyana ba, Donau da Wien za ka gani, sunan hanyar kuma Donauradweg. Tana cikin babbar hanyar EuroVelo 6 da ta taso daga gaɓar Atilantika a Faransa ta nufi Bahar Aswad.

Tambaya: Na duba taswira na ga hanya a gaɓar arewa da ta kudu. Wace zan bi?

Amsa: Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin babu gaɓa ɗaya da ta fi kyau daga farko har ƙarshe. Sai an riƙa tsallakawa.

A Schlögen kogi ya yi wata lanƙwasa mai kama da ƙugiya, ya koma baya kafin ya sake miƙewa. A wannan wurin hanyar gaɓar arewa takan katse, dutse ya sauko har bakin ruwa, sai ka shiga ƙaramin jirgin fito na masu keke. Waɗannan jirage ba sa aiki duk shekara. Daga bazara zuwa farkon kaka suke fito, da yamma kuma su tashi daga aiki. Wanda ya iso a makare yakan tarar da mashiga a rufe, gada mafi kusa kuma tana da nisa. Ka duba lokacin fitonsu tun da safe, ka riƙe tsabar Yuro a aljihu, don ba kowane mai fito ke karɓar kati ba.

Bayan Grein ka koma gaɓar kudu har Ybbs. Ta arewa a nan tana manne da babban titin B3, ƙarar manyan motoci ba ta barin mutum ya ji daɗi. Daga Melk zuwa Krems kuwa zaɓi naka ne: ta arewa ce ke ratsa tsofaffin ƙauyuka, ga cunkoson baƙi da 'yan hawa da sauka a tsakanin gonaki, ta kudu ta fi shiru kuma daga can ake ganin ƙauyukan da kyau. Mu dai arewa muka fi so a wannan yankin. A Spitz da Weißenkirchen akwai jiragen fito da ke rataye a jikin waya, ƙarfin ruwa ne ke tura su, ba inji ba.

Ana kuma tsallakawa ta kan madatsun wutar lantarki, irin su Ybbs-Persenbeug, Altenwörth da Greifenstein, ba ko sisi. Sai dai madatsar Jochenstein, kusa da iyakar Jamus da Ostiriya, tana da matakala masu yawa. Mai keke mai batir ko kaya masu nauyi gara ya nemi jirgin fito.

Tambaya: Mu iyali ne, da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 13. Waɗanne garuruwa suka cancanci a tsaya, kuma yaran za su iya?

Amsa: Hajiya, za su iya, in kun rage tafiyar yini zuwa kilomita 25 ko 30. In lokaci bai isa ba, ku ɗauki kwarin Wachau kaɗai, kilomita 36 ne tsakanin Melk da Krems, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Dokar Ostiriya ta wajabta hular kwano ga yaron da bai kai shekara 12 ba, amma ku sa wa kowa.

A Melk akwai gidan 'yan zuhudun Kirista a kan dutse sama da gari. Tun 1089 suke zaune a wurin, ginin da ake gani yanzu kuma an yi shi tsakanin 1702 da 1736, ɗakin littattafansa ya isa a shiga. Dürnstein ƙaramin gari ne mai hasumiya shuɗiya, a samansa akwai kufan gidan yaƙi inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a ƙarshen 1192, yana dawowa daga yaƙinsa da Salahuddin Ayyubi. Hawan kufan da ƙafa ne, kamar minti 30, ku kulle kekuna a ƙasa. Cikin garin lungu ne mai daɓen duwatsu cike da jama'a, sai a sauka a tura keke. A watan Yuli ne 'ya'yan itacen da suke kira Marille (apricot a Turance) ke nuna, ana sayar da su a bakin hanya.

Masu yin doguwar hanyar za su wuce kusa da Enns, wadda takardar zamanta birni ta 1212 ce, da Grein mai ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na 1791. Sansanin gwale-gwale na Mauthausen, inda 'yan Nazi suka tsare mutane daga 1938 zuwa 1945, yana kan tudu mai tsananin hawa, kuma abin da ke ciki ya fi ƙarfin ɗan shekara 9.

Batun sutura: doguwar riga ko dogon hijabi na iya shiga kaca ko wayoyin tayar baya, ya fizge mutum ƙasa nan take. Ki yi hayar keken da ba shi da sandar tsakiya, mai murfin kaca da ragar tayar baya, ki sa wando da riga iya gwiwa, hijabi kuma a cusa bakinsa cikin riga. Ki kuma sani tun Oktoban 2017 Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a.

Tambaya: Wane irin keke ya dace, kuma me zan riƙe na gyara?

Amsa: Ba sai keken tsere ba. Keke mai ƙwari da kariya a baya, giya 7 ko fiye, faɗin taya milimita 35 zuwa 42, ya wadatar. Doka na son birki biyu masu aiki, ƙararrawa, da fitila gaba da baya in dare ya yi. Kaya su shiga jakunkuna biyu masu rataya a gefen kariya, kowace mai lita 20, nauyin duka kada ya wuce kilo 12, a kuma raba shi daidai, mai nauyi a ƙasa. Jakar goyo a baya ita ce ke jawo ciwon kafaɗa da ƙarin matsi a mazaunai.

Na gyara: tif biyu sababbi, faci da sholisho, ƙarfen cire taya, famfo, makullin alan na milimita 4, 5 da 6, da ɗan man kaca. Ka lura da bakin tif ɗinka, domin iri uku ne a can, kuma famfon wani ba lallai ya shiga wani ba. Ka gwada tun a gida. Iskar taya ta tsaya tsakanin 3.5 da 4.5 a ma'aunin iska na "bar", ta baya ta ɗan fi, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin tayar. In iska ta yi ƙasa ka daki gefen kwalta, bakin gargare yakan cije tif ya huda shi wuri biyu kusa da juna. In kuwa huda ɗaya ce, kada ka sa sabon tif sai ka shafa cikin taya da yatsa a hankali, ƙaya ko kwalbar da ta yi ɓarnar tana nan maƙale, za ta sake hudawa kafin ka yi nisa. Faci kuma yakan ɓare ne saboda gaggawa: ka kankare wurin, ka shafa sholisho, ka bari ya sha iska minti 5 har ya daina ƙyalli, sannan ka manna.

Abin da ya fi mayar da mutane jirgin ƙasa a rana ta uku sirdi ne, ba taya ba. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa alamar sirdi ya yi ƙasa ne, a bayan gwiwa kuma ya yi sama. Ka gyara da milimita 5 kawai a lokaci guda. Sabon sirdi ba a fara doguwar tafiya da shi, ka hau shi mako biyu tukuna. Bayan ruwan sama ka goge kaca ka ɗiga mai, ka share wanda ya yi yawa, in ba haka ba yashi ya manne ya cinye haƙoran giya. A rana ta biyu ka sake ɗaure kusoshin kariya, girgiza na kwance su.

Tambaya: Yaya abinci da salla a ƙauyukan?

Amsa: A Linz da Biyana akwai masallatai da shagunan halal. A ƙauyuka kuwa ka tsaya ga kifi, ƙwai, cuku, burodi da kayan lambu. Ka haddace kalmomi huɗu a takardar abinci: Schwein, Schinken, Speck da Schmalz, duk ka ƙaurace musu, domin naman alade ne ko kitsensa galibi. Ka tambaya ko da miya ce ko dankali. Wachau yankin inabi ne, wani kek ko miya yakan zo da barasa a ciki. Kusan duk manyan shaguna a rufe suke ranar Lahadi a ƙasashen biyu, don haka ka yi cefanen Lahadi tun ranar Asabar da rana. Ruwan famfo ana sha, sai inda aka rubuta Kein Trinkwasser, wato ba ruwan sha ba ne. Ka riƙe lita 1.5 zuwa 2.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma na ketowa da wuri ƙwarai, sai ka tsara barcinka. Kafin ka shimfiɗa darduma a ciyawa ka tuna akwai kaska mai sa cutar ƙwaƙwalwa a wannan yanki: ka zaɓi gajeriyar ciyawa, ka duba jikinka kowane dare. Babban masallacin Biyana, wanda aka buɗe a 1979, yana Floridsdorf dab da ruwa, kusa da inda hanyar ke shiga birni.

Tambaya: Daga Kano nake rubutowa. Wane wata ya fi, kuma bizar wace ƙasa zan nema?

Amsa: Alhaji, daga Mayu zuwa Satumba. Yuli da Agusta sun fi zafi da cunkoso, sai an kama ɗaki tun da wuri, kuma doka ta hana kafa tanti a inda aka ga dama a yawancin wurare. Ka riƙa bin labarin ruwa, domin hanyar a bakin kogi take: ambaliyar Yunin 2013 da ta Satumban 2024 sun rufe sassanta, in ka ga allon Umleitung, wato hanyar kewaye, ka bi shi, kada ka ce za ka ratsa. Bizar Shengen ɗaya ta isa ga ƙasashen biyu, ana nemanta daga ƙasar da za ka fi kwana, wato Ostiriya, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Fasfo ya kasance a jikinka, ana bincike a iyakar. Kada ka wahalar da kanka da ɗauko keke a jirgin sama, a Passau akwai masu haya da ke karɓar kayansu a Biyana. In kuma da jirgin ƙasa za ka mayar da shi, sai ka yanka wa keken tikitinsa, a jiragen dogon zango kuma dole ka kama masa gurbi kafin ka shiga.