Amsa: Wane lokaci ya fi dacewa a je Campbell River?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Vancouver kuma kana so ka je kamun kifin salmon a Campbell River, garin da ke tsibirin Vancouver a Kanada, amma ba ka san lokacin da ya dace ba. Ni dai shawarata ka bari sai watan Agusta zuwa farkon Satumba. Lokacin ne manyan chinook, wato wani nau'in salmon, ke tahowa bakin kogi, kuma sanyi bai kankama ba.

Hanya ba wuya: ka hau jirgin fito zuwa Nanaimo, daga nan mota kamar awa biyu arewa a kan babbar hanya ta 19.

Kada ka jefa ƙugiya a teku ba lasisin gwamnatin Kanada, in kuma za ka tafi da kifin gida sai ka haɗa da hatimin salmon. Ana yin duka ta intanet. Hayar jirgi da jagora akwai tsada ƙwarai, don haka in aljihu bai yi nauyi ba ka tsaya a gadar Discovery Pier, ana ba da hayar sandar kamu a wurin. Za ka kuma ji labarin ƙungiyar masu kamun kifi ta Tyee Club, inda ba a karɓar mutum sai ya kamo kifi mai nauyin fam 30 ko fiye daga kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu. Wannan kam aikin gwanaye ne.

Ko ba ka kama komai ba, je ka Elk Falls, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse, ka taka gadar igiya. Kallon beyar a mashigin tekun Bute Inlet kuwa, a kama wuri da wuri, kujeru na ƙarewa. Ka riƙe rigar ruwa.