Kakin Baba kullum kore ne, akwai gwajin da zai nuna inda ciwon huhunsa ya kai?

Tambaya: Salam likita, daga Jos nake. Babana ya yi tarin fuka shekara 7 da suka wuce, ya sha magani wata 6 aka ce ya warke, amma har yau tari bai bar shi ba, kullum da asuba sai ya kusa cika rabin kofi da kaki kore shar, in hunturu ya shigo kuwa sai addu'a. An yi masa siti sikan aka ce hanyoyin iskar huhunsa sun buɗe sun lalace. Yayana ya ce akwai gwajin wani sinadari a kaki da yake nuna tsananin ciwon, gaskiya ne? Mu nema?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma sannunku da jinya. Gaskiyar yayanki ne, akwai gwajin, amma bari in fara da abin da ke faruwa a ƙirjin Baba.

Abin da hoton ya nuna shi muke kira bironkiyektasis, kuma a nan ƙasar tibi na cikin manyan abubuwan da ke barin wannan tabon ko bayan an warke. Bututun iskar ya buɗe ya saki, kaki sai ya kwanta ciki kamar ruwa a kwatar da ta toshe, ƙwayoyin cuta su samu gida. Toh sai jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini da ake kira nitrofil, su kuma makaminsu wani sinadari ne mai suna elastes, shi ne sinadarin da gwajin yake aunawa a kaki. Matsalar elastes bai san na gida ba bai san bare ba, yana narka ƙwayar cuta yana kuma cin zaren da ke sa huhu ya miƙe ya dawo kamar roba, ya raunana ƙananan gashin da ke share kaki zuwa sama, ya kuma sa a ƙara yin kakin, shi kenan bututu ya ƙara lalacewa cuta ta ƙara samun wuri, haka abin yake ta zagayawa. Hanta tana yin abin da ke taka masa birki, alfa-1 antitiripsin, amma a irin wannan huhun elastes ɗin ya fi ƙarfin birkin.

A 2017 masu bincike a garin Dandi na Sikotland sun nuna cewa waɗanda elastes ya fi yawa a kakinsu sun fi yawan tashin ciwo, numfashinsu kuma ya fi saurin raguwa. Har a 2025 an amince da wani magani a Amurka, birensokatib, mai rage ƙarfin irin waɗannan sinadarai. Sai dai gwajin har yanzu yawanci a ɗakunan bincike ake yin sa, bai zama na yau da kullum ba, ni dai ba zan ce ku kashe kuɗinku wajen nemansa ba.

Kofin nan da kike wankewa kullum yana faɗin da yawa daga abin da gwajin zai faɗa. Koren nan daga cikin nitrofil ɗin yake fitowa, wani sinadarin nasu ne mai suna mayelofaroksides, shi kore ne. Kaki fari ko ruwa-ruwa, wutar ta lafa. Rawaya, ta fara ci. Kore mai duhu da kauri, nitrofil sun cika wurin, elastes ma haka. Don haka ki samo farin kofi, kullum da safe ki ɗauki hoton kakin da waya a wuri ɗaya mai haske, ki kuma rubuta duk ranar da ciwon ya tashi har sai da aka sha antibayotik. Wallahi in mara lafiya ya zo min da wannan, rabin aikina ya gama. In tashin ya kai sau 3 a shekara, akwai maganin rigakafi na dogon lokaci da likitan ƙirji zai duba, amma ba na saye a kemis ba ne.

Ku je bangaren masu ciwon ƙirji, kamar a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), a yi masa gwajin hura iska, sipirometiri, a kuma shuka kakin, wato a raina ƙwayoyin cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji, a ga ko akwai ƙwayar sudomonas, don ita tana ƙara tsananta ciwon. A sake duba tibi, amma ku gaya musu ya taɓa shan magani, saboda GeneXpert, na'urar gwajin tibi a kaki, kan iya ganin matacciyar ƙwaya a wanda ya warke.

A nemi masu gashin ƙashi su koya masa yadda zai fitar da kakin safe da yamma, wannan mutane ke rainawa alhali shi ne ginshiƙin. Sanyin Jos na sani, amma dan Allah kar a shigar masa da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, ga hayaƙi ga haɗarin mutuwa a barci. In kuka ga jini a kakin, ko zazzaɓi da numfashi sama-sama, kar a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.