Taya mai taushi mara ƙugi ga tsohuwar LS430

Wa alaikumus salam Malam. Kamar yadda na fahimta kana da Lexus LS430 ta 2005, ka saye ta da rim 20 a ƙafarta, da ka wuce tamanin sai ta fara ƙugi, kuma ko ɗan rami ka taka sai ka ji shi a gadon bayanka, shi ne kake tambaya tsakanin Michelin da Bridgestone wacce ta fi taushi da rashin ƙara. Toh ni ma irin motar nake ja kuma na daɗe da ita, kafin ita na riƙe ES330, bari in faɗa maka abin da na gani.

Gaskiya sunan kamfani ba shi ne matsalarka ta farko ba, wannan rim 20 ɗin ne. LS430 daga 2004 zuwa 2006 da 225/55R17 take fitowa, wasu kuma an ɗora musu 245/45R18 tun daga kamfani, 'yan farko na 2001 zuwa 2003 ma 225/60R16 ne a ƙafarsu. Lambar nan ta tsakiya, 55 ko 45, ita ce ke nuna tsayin gefen taya, wato kashi nawa ne na faɗinta. In ka lissafa, 225/55 tana da gefe kusan milimita 124, ita 245/45 tana da 110, wadda ake sa wa rim 20 a irin motar nan kuwa yawanci 245/35 ce, gefenta bai wuce milimita 86 ba. Kaga an yanke maka kusan sulusin robar da ke shanye duka kafin ya kai ga shokazoba, kuma duk injiniyoyin da suka zauna suka auna ƙafar motar nan da gefe mai kauri suka auna ta. Ko tayar da ta fi kowacce tsada a duniya ka sa a kan rim 20 ba za ta ba ka abin da matsakaiciyar taya za ta ba ka a kan 17 ba, wallahi ko kusa. Ga kuma hanyoyinmu, rami ɗaya mai kaifi da daddare ya isa ya kumbura gefen siririyar taya ko ya lanƙwasa rim ɗin gaba ɗaya. Don haka in da hali ka fara neman rim 17 na asali na Lexus, in kana Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, in Abuja ne Apo, ana samu, kuma sau da yawa samarin nan masu son ƙyale-ƙyale za su karɓi naka na 20 har ka samu ciko. Amma kafin ka biya a ɗora kowane rim a injin balansin a juya shi kana kallo, wanda ya karkace za ka ga bakinsa yana rawa, kuma ka duba ta ciki ko an taɓa yi masa walda. Kada ka sauka zuwa 16 sai an gwada an ga bai taɓa birki ba.

Na biyu shi ne irin tayar. Kowane babban kamfani yana da layin taya na gudu da layin taya na jin daɗi, kuma mai shago ba lallai ya bambance maka ba, shi dai ya ce ai Michelin ce. A Michelin layin da kake so shi ne Primacy, ba Pilot Sport ba. A Bridgestone Turanza, ba Potenza ba. Continental akwai ComfortContact da UltraContact, Yokohama akwai Advan dB wadda dama don rage ƙara aka yi ta, Dunlop akwai SP Sport LM705, Pirelli akwai Cinturato P7. Na gudun an yi gefensu da tauri ne saboda su riƙe kwana, zanensu manya-manya, suna da kyau a ido amma ba don irin tafiyarmu aka yi su ba, mu da muke son mu ɗauki iyali mu kama hanyar Zariya kowa na barci a baya. Ni Primacy ce a ƙafata yanzu kuma ita ta fi kwanta min a rai, abin da na fi so da ita shi ne ko da ta fara cinyewa ba ta canza murya sosai, saboda yawancin taya tana sabuwa shiru take, sai ta yi rabi ake sanin halinta. Turanza da na yi amfani da ita a ES330 ma ba laifi, na ɗan ji ta fi tauri kaɗan amma ta jure rami. In kuɗi bai kai ba Hankook ko Dunlop ɗin nan sun ishe ka, bambancin da ke tsakaninsu da manyan bai kai bambancin da ke tsakanin rim 17 da 20 ba.

In kana tsaye a shago ka kalli zanen da kanka. Wadda zanenta ya yi kamar kibiya, duk layukan sun nufi gefe ɗaya an rubuta Rotation da alamar kibiya a gefenta, tana korar ruwa da kyau amma in ta kwana biyu ita ce ke yin wannan wuuu ɗin da ke ƙaruwa da gudu, kuma ba ka da damar mayar da ta dama hagu. Mai shiru za ka ga layuka huɗu ko makamancin haka sun zagaye ta a miƙe, ƙananan yanka a jiki, kuma in ka lura 'yan tubalan da ke kafaɗarta ba girmansu ɗaya ba, wani dogo wani gajere, da gangan ake yin haka don kar sautin ya taru a murya ɗaya. Irin waɗannan yawanci akwai gefen da aka rubuta Outside, shi zai kalli waje, ka tsaya a kan yaron da ke ɗaurawa don na sha ganin an juya ta ciki ba wanda ya kula.

Sai abubuwa biyu da za ka guje musu. Ranfilat, wato wadda ake iya tafiya da ita ko ba iska, za ka ga RFT ko SSR ko ZP a gefenta, gefen nan nata kamar katako yake, ta BMW ce da ire-irenta, kai kana da safaya a but ba ka da buƙatarta. Sai tayar sanyi, wadda ke da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki. Wannan ta cika kasuwar 'yar Beljiyam, kuma ita ce ta fi ruɗar mutane sabida zanenta a cike yake kamar sabuwa, in ka danna da yatsa ka ji taushi ka ce ka samu banza. An yi robarta ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba, ka ɗauko ta ka ɗora a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, za ta yi ƙugi, ta cinye da wuri, birki ma ya ƙara tsawo. Rubutun M+S shi kaɗai ba komai, tayoyin Amurka na kowane yanayi duk suna da shi, hoton dutsen nan shi ne abin gudu.

Tunda na taɓo 'yar Beljiyam, ni dai ban ba ka shawarar ka sa ta a motar da ta kai kilo 1,800 kuma tana da V8 ba. Na san halin da ake ciki, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007 Dunlop ma ta daina yi a Legas a 2008 duk tayar mota daga waje take zuwa, dala ta motsa taya ta motsa. Amma ko don maganar shirun da kake nema tsohuwar taya ba za ta yi ba, roba in ta tsufa bushewa take ta yi tauri ko da zanen bai taɓu ba, kuma ka sayi huɗu ka tarar kowacce da irin cin da ta yi a motar da ta fito, ba yadda za a yi su yi murya ɗaya. Ko sabuwar ma ka duba ranar haihuwarta, a gefe akwai DOT, lambobi huɗu na ƙarshe a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, misali 2324 mako na 23 kenan a 2024. Ka shafa wurin da yatsa, lambar asali a jikin robar take, in ka ji kamar an kankare ko an manna wani abu ka ajiye musu kayansu. 'Yan rod sefti shekara huɗu suke lissafawa daga ranar da aka yi ta, kamfanoni irin Michelin kuma sun ce bayan shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara kuma kar ta wuce goma, to kaga in ka sayi wadda ta yi shekara biyu a sito ka riga ka yi asarar rabin abin da za a lissafa maka a hanya. Ka leƙa bakinta na ciki kuma, wanda ke kama rim, akwai masu cusa taya cikin taya a kwantena don rage kuɗin dako, in aka zaro su bakin ya kan lanƙwashe, irin wannan duk balansin duniya ba zai hana ta rawa ba.

Bayan saiz ɗin akwai lamba da harafi, kamar 97V. Lambar nauyi ce, 95 na ɗaukar kilo 690, 97 na ɗaukar 730, 101 kuma 825. Harafin gudu ne, H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Ka buɗe ƙofar direba ka ga abin da takardar jikin ginshiƙi ta ce kar ka yi ƙasa da shi, amma kuma ba sai ka bi W ko Y ba, H ko V sun fi taushi. Mai XL, wato wadda aka ƙarfafa don ɗaukar ƙarin nauyi, ta ɗan fi tauri kaɗan amma in kana yawan lodi da doguwar tafiya ba asara ba ce. Wurin da aka rubuta Temperature ka nemi A, da zafin garinmu wannan ba abin wasa ba ne. In akwai takardar Turai a manne za ka ga lambar ƙara kamar 69 dB ko 71 dB, tana taimakawa wajen kwatanta biyu, sai dai ƙarar da mutumin da ke bakin titi yake ji suke aunawa, ba wadda kake ji a ciki ba, kar ka ɗora duk hukuncinka a kanta.

Yanzu maganar iska, wadda ita ce ke ɓata wa mutane sabuwar taya a ranar farko. Masu facin bakin titi da yawa 45 ko 50 a ma'aunin PSI suke bugawa, wani ma ba geji, ƙarfe zai ƙwanƙwasa ya ji ƙara ya ce ta yi. Motar nan talatin da 'yan kai take so, ainihin lambar na nan a takardar ƙofar, wadda ke jikin taya mai Max kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ne ba abin da ake sawa ba. Ka sayi geji naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka motsa, in ka auna bayan tafiya za ka ga ta hau kuma kar ka sace ta a lokacin. Kada kuma ka ce tunda taushi kake so bari ka rage ta ƙasa da ƙa'ida, taya mai ƙarancin iska ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe a babbar hanya.

Kafin ka kashe kuɗin ma dan Allah ka tabbatar ƙugin na taya ne. Ka samu miƙaƙƙen titi mara cunkoso, kana kan sittin ko saba'in ka ɗan karkata sitiyari dama ka dawo hagu a hankali, in ƙarar ta ƙaru a gefe ɗaya ta ragu a ɗayan to boris ne, taya ba ruwanta. Ita ƙarar taya da kwalta take canzawa, ka hau sabuwar kwalta ta yi shiru ka koma tsohuwa ta dawo. Sannan ka shafa tafin hannunka a kan tsohuwar tayar ka zagaye, in ka ji tudu da kwari tudu da kwari to shokazoba ta mutu, tayar tsalle take a kan titi, kuma in ba ka gyara ba haka za ta yi wa sabuwar cikin 'yan watanni ka dawo kana zagin kamfani. In kuma gefen ciki ne kawai ya suɗe to alaimen ne ko bushin. Mota ta kai shekara ashirin, bushin ɗin hannun gaba na LS430 sananne ne wajen tsagewa, in bakanike ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara za ka ga tsagar da idonka. Wasu kuma suna zuwa da shoka ta iska, in taka ce ka duba ko tana kwana a karkace.

Ranar ɗaurawa ka je inda suke da inji, kar a bugi rim ɗinka da guduma da ƙarfen banƙara. A canza bawul duka huɗun, kuɗinsu kaɗan ne. In akwai ɗigon rawaya a gefen tayar a daidaita shi da bawul, hakan na rage yawan dalmar da za a manna. A yi balansin, a yi alaimen na ƙafa huɗu ba gaba kaɗai ba tunda da baya take ja, kuma kar ka bari yaro ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle, ɗaurin noti da ya wuce kima na iya jawo maka rawar birki. Huɗun su zama iri ɗaya, in biyu kawai za ka iya yanzu to sababbin su tafi baya. Bayan nan duk kilomita dubu takwas zuwa goma a juya su, ni ina haɗawa da juyen baƙin mai ne don kar in manta.

In ka samu rim 17 ɗin ka turo hoton gefen tayar da suka nuna maka, inda saiz da DOT suke, sai mu duba tare kafin ka biya.