Tafki ko Teku, Dutse ko Tsauni: Amsa ga Masu Shirin Tafiya Hutu

Wani bawan Allah daga Unguwar Rimi, nan Kaduna, ya rubuto cewa zai kai iyalinsa hutu birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Ya ga hoton ruwan da birnin yake bakinsa, ya miƙe iya ganin ido, har da jiragen ruwa a kai. Tambayarsa ita ce, wannan ruwa tafki ne ko teku?

Malam, tafki ne. Ba girma ke raba su ba. Tafki kwantaccen ruwa ne da ƙasa ta kewaye, teku kuwa ruwan gishiri ne irin wanda Legas take bakinsa. Na Janeba ruwan daɗi ne, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 580, wuri mafi zurfi kuma mita 310. Kogin Rhone ke shiga cikinsa ta gabas, ya fice ta tsakiyar birnin. Abin da ke sa bakinmu jin nauyin kalmar shi ne tafkin da muka sani a ƙauye, wanda shanu ke sha, ya ƙafe da bazara. Amma ai Tafkin Chadi ma tafki muke ce masa. Tafki da tabki duk daidai ne, bambancin karin harshe ne kawai, kamar tafka da tabka. Wanda dai ba za ka kira shi da shi ba shi ne kududdufi, domin kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, ruwan damina ya taru a ciki. Kogi da gulbi kuma ruwa ne mai gudu, kamar namu na Kaduna.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta ce 'yarta na rubuta labarin ziyarar da suka kai Kagoro, sun yi gardama a kan ko dutsen Kagoro za a ce ko tsaunin Kagoro.

Hajiya, ku duka kun yi daidai, sai dai kalmomin ba ɗaya ba ne. Dutse ya fi yalwa: wanda yaro ke jifan mangwaro da shi dutse ne, dutsen niƙa dutse ne, Kufena ta Zariya ma dutse ce. Tsauni kuwa ba a ɗaukarsa a hannu, sai dai a hau shi. Saboda haka idan ana son mai karatu ya ji tsawo da wahalar hawa, tsauni ya fi fito da hoton, jam'insa tsaunuka. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya da mita 2,419, tsauni ne ba ja. Tudu ƙasa ce da ta ɗan tasa, shi ya sa unguwarku ta ci sunanta, kishiyarsa kwari. Shimfiɗaɗɗen dutse da ake shanya a kai kuma falali ne, wasu su ce fa. Ki kuma gaya wa 'yar taki ta rubuta yawon buɗe ido ko yawon shaƙatawa. Kada ta kuskura ta ce yawon duniya, wannan ba yabo ba ne ga ɗiyar mutunci.

Mai tambayar farko ya ƙara da cewa an gaya masa daga bakin tafkin ana ganin tsaunin Mont Blanc, har wani abokinsa ya ce masa hangen Dala ba shiga birni ba. Me yake nufi?

Abokin naka ya san Hausa. Dala dutse ne a cikin birnin Kano. Fatake da suka doso birnin a ƙafa ko bisa jakai sukan hango shi tun suna nesa, ran matafiyi ya yi fari, alhali da sauran tafiya kafin a kai ƙofar gari. Ƙarfin maganar yana kan kalmar hange. Hange gani ne daga nesa, leƙe gani ne ta kafa ko a sace, kallo kuwa sai an tsaya an ba abu ido. A Janeba haka abin yake: ran da sama ta washe ana hango Mont Blanc, mai tsawon sama da mita 4,800, fari fat kamar an miƙa hannu a taɓa. Amma yana cikin Faransa da iyakar Italiya, sai an yi tafiyar sama da awa guda a mota zuwa garin Chamonix kafin a zo gindinsa. Daga nan ake shiga wani akwati mai tagogi da ke rataye a jikin wayar ƙarfe, ya ja mutum zuwa saman Aiguille du Midi, wani tsauni da ke kusa da Mont Blanc, mai tsawon mita 3,842. Farin da ka hango kuma dusar ƙanƙara ce, ba ƙanƙara ba. Ƙanƙara ita ce mai tauri, ta firji ko wadda ke faɗowa da ruwan sama ta huda ganyen masara. Wannan kuwa laushi gare ta kamar dusar da ake ba awaki, daga nan Bahaushe ya raɗa mata suna.

Tunda kuma da yara za ka, ga wani karin maganar: ba a fafe gora ranar tafiya. Fafewa ita ce a yanke bakin gora, a zuba ruwa a bar shi kwanaki har cikin ya ruɓe, a sa tsakuwa a yi ta girgizawa a zubar, a maimaita sai ɗacin ya fita, sannan a shanya. Wanda ya yi gaggawa ruwan ɗaci zai sha a hanya. A taka tafiyar, goran shi ne rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, don haka wanda ya bar bakin tafki da 'yar shara zai iske sanyin da ya fi na hunturun Jos a can sama. Iskar wurin ma ba ta da kauri, takan sa haki da ciwon kai, sai a riƙa takawa a hankali, a sha ruwa, wanda jiri ya kama a sauko da shi. A kuma riƙe fasfo a aljihu, domin ko tsaunin Salève da ke gefen Janeba a cikin Faransa yake.