Atisayen Zagaye Zai Ƙara Wa Yarana Gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina horar da yara goma sha shida, masu shekara 12 zuwa 15, a wata makaranta a Aboabo. Ba mu da kayan ɗaga ƙarfe. An ce in gwada atisayen zagaye kafin gasar makarantu a filin Baba Yara. Zai ƙara musu gudu? Yaya ake tsara shi?
— Malamin wasanni, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Atisayen zagaye shi ne a jera motsa jiki iri-iri a wurare daban-daban (tasha), yara na bin su ɗaya bayan ɗaya da gajeren hutu. Juriya zai ƙara musu: tsoka ta daɗe tana aiki, numfashi ya dawo da wuri. Ɗan ƙwallo da mai gudun mita 800 za su fi cin moriyarsa. Mai mita 100 kuwa, kada ka sa rai sosai. Saurin ƙafa sai da hutaccen jiki, shi kuma zagaye da gangan yake gajiyar da mutum. Morgan da Adamson da suka tsara shi a Jami'ar Lids ta Ingila a 1953, ƙarfin jiki gaba ɗaya suka nufa. Gudun sauri ka yi shi tun farko, ko ka ware masa ranarsa.

Bayan minti goma na ɗumama jiki, kafa tasha takwas, yara biyu a kowace. Ɗaya ya yi daƙiƙa 30 ɗaya na hutawa, sai su yi musaya, sannan su matsa gaba. Kada tasha biyu a jere su ci wuri ɗaya a jiki. Misali: tsallen igiya, danna ƙasa da hannuwa, tsugunna-tashi, kifewa kan gwiwar hannu jiki a miƙe sambal, gudun je-ka-dawo na mita goma, jifan ƙwallo da hannu biyu, hawa da sauka a benci, sai kwanciya rigingine ana ɗaga ƙugu. Zagaye biyu, hutun minti uku a tsakani, sau biyu ko uku a mako, ba kwana a jere ba. Bayan mako biyu ka ƙara zagaye na uku, ko ka kai daƙiƙa 40. Ɗaya za ka zaɓa, ba duka ba.

Inda ake ɓata abin shi ne gasar ƙirga. Da yara sun fara "na fi ka yawa", baya zai lanƙwashe, gwiwoyi su karkato ciki, nauyin da ya kamata tsoka ta ɗauka ya koma kan gaɓoɓi. Wanda tsayuwarsa ta lalace, tsayar da shi ko lokacinsa bai cika ba. Tsallen kwaɗo kuma, wanda malamai suka mayar horon laifi, ka cire shi, balle a kan siminti. A wannan shekarun ƙashi na girma, kuma yawan tsalle na jawo ciwo a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Yaron da ke ɗingishi ko wurin ya kumbura, a hutar da shi, a kai shi asibiti.

A yi da sassafe ko bayan la'asar, ruwan sha a kusa. Ranar farko ka rubuta yawan abin da kowane yaro ya yi a tasha uku, ka sake gwada su bayan mako shida.