Amsa ga sabon mushe (malamin makaranta) mai neman wurin kwana a Yamai

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai tambaya, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce daga Illela aka turo ka Yamai kana malami ɗan kwantaragi, tun rantire (komawa makaranta) ta Oktoba ko dala ba ka gani ba, kana raɓe ɗakin abokinka shi kuma aure zai yi, shin ka ci bashi ka kama shambur salon (ɗaki da falo) ko ka aje alli ka koma gida. To wallahi kamar labarina ka rubuta, ni ma ɗan Adar ne, daga Tawa na zo da jaka guda da tabarma.

Kar ka ci bashin nan, ka ji na gaya maka. Kowa ce maka zai yi ai rafel na zuwa, za a haɗa maka watannin a ba ka dunƙule. E zai zo, amma ba ka san ranar ba, mai gida kuwa ya san ranarshi, ƙarshen wata yana bakin ƙofa. Ni da wannan lissafin na ranci jikka 90 na kama ɗaki da falo mai siminti, dillali ya karɓi nashi, aka ce abans (biyan haya tun gaba) wata biyu da kosiyo (kuɗin jingina da ake aje ma mai gida), na shiga ɗaki ba katifa ba ko rishon dafa shayi, ga kuɗin kuran ana raba shi a tsakar gida ni mai ƙwan fitila guda ina biya daidai da mai firijo. Da rafel ɗin ya fito kwana biyu ya yi hannuna, mai bashi ya ɗauka mai butiki ya ɗauka, na aika ma tsohuwa ɗan abin da ya saura, wata na biyar na tattara na fita da kunya.

Abin da ban gane ba lokacin, kuɗin haya ba shi kaɗai ba ne haya, sai ka ɗora kuɗin taksi bisa kai. Lakwal ɗina, wato makarantar da nake koyarwa, na wajen Talladje ni kuma ina kwana can Kwara Tagi, taksi biyu zuwa biyu dawowa, lokacin ma kowace dala 40, ka lissafa kwana ashirin da wani abu a wata ka gani, ya kusa kuɗin ɗakin banko sukutum. Shi ya sa nake ce ma duk sabon malami ya nemi ɗakin da zai taka da ƙafa zuwa aji ko da antire kushe (ɗaki guda ba falo) ne, ko da ku biyu ne da wani mushen kuna raba kuɗi. Yara su gan ka kana fitowa daga ɗakin ƙasa ba ya rage maka komi, abin da ke zubda girman malami shi ne mai gida ya tare shi gaban ɗalibai.

Sannan ka daina ɓoye ma direktanka. Mu ƴan Adar akwai wannan jin kan, mutum na mutuwa yana cewa lafiya lau. Ni sai da wata madam da muke aiki tare ta lura kullum ina sallar la'asar a lakwal ina ta jan ƙafa ba ni son tafiya, ita ta kai maganar. Direkta ya yi ma shugaban kwamitin iyayen yara magana, cikin sati aka samo mani ɗaki gidan wani dattijo ba abans ba kosiyo, sharaɗi kawai in riƙa duba ma jikokinshi karatu da dare. Shekara biyu na yi nan, daga nan kuma na samu kur na gida (koyar da yara a gidajensu) har uku, su sunka riƙe ni duk watan da biya ya makara.

In za ka duba ɗaki ka duba gindin bango, in ka ga alamar ruwa ka wuce komi arharshi, musamman ƙetaren gada wajen Harobanda da Kirkisoy, ka tambayi waɗanda ambaliyar 2020 ta kwashe su ba ka labari. Kuma duk abin da ka ba mai gida ya rubuta maka a takarda ko da ɗan uwan babanka ne.

Maganar aje aiki kuwa ban ba ka shawara ba yanzu, bari kuɗin farko su shigo ka ga yadda watanka ke tafiya tukuna. Adashi ma ka dakata da shi, kar ka shiga zubin da ba ka da tabbacin cikawa. Mutanen gida kuma ka kira ka faɗa masu gaskiya ba a fara biya ba, don can ƙauye da an ce ɗansu na Yamai yana aikin gwamnati shikenan an ɗauka Alhaji ne.

Ba ka faɗi wace unguwa lakwal ɗinka take ba. Rubuto mani ta gefe, in wajen Talladje ne ko Ayaropor ina da mutane can, gobe bayan an tashi sai mu zaga tare da moto.