Sojan Facebook da kwalin da kwastan suka riƙe

TAMBAYA: Anti, ni bazawara ce a Tudun Wadan Gombe, ɗinki nake yi. Na haɗu da wani a Facebook, ya ce soja ne a ƙasar waje, aurena zai yi. Yanzu wai ya aiko min kwalin gwal da daloli, kwastan sun riƙe sai na tura naira dubu 150. In sayar da kekena?

AMSA: Ƙanwata, don Allah kada ki taɓa keken nan, da shi kike ci da yaranki. Babu wani kwali. Kwastan ba sa karɓar haraji ta asusun wani mutum, kuma da kin tura, gobe za a ce sai kuɗin takarda, jibi na lauya.

Tambayi kanki: ya taɓa yarda ku yi kiran bidiyo? Nan da nan zai ce dokar bariki ta hana, ko intanet ba ƙarfi. Hoton kakin ma yawanci na sata ne. Ki saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za ki gan shi da wasu sunaye. Abin da ya fi ƙona min rai, zawarawa suke farauta da gangan, don sun san kunya za ta hana ku faɗa wa kowa. Mai son aure waliyyinki yake nema.

Ki adana hotunan hirar da lambar asusun kafin ki toshe shi, ki kai ofishin EFCC na Gombe. In kin riga kin ba shi BVN ko lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo miki ta waya, je bankinki yau a rufe katinki na ATM.